Salatin Baba Ɗanladi

Litinin, 8 ga Yuli, bayan azahar

Yau dai na kama Baba Ɗanladi mai faci. Shekara uku ina ɗana wa tsohon nan tarko a bakin tasharmu ta 'yan acaɓa yana tsallakewa, yau ya faɗa tsundum. Yankin tiyub na samu baƙi wuluk, na fere masa kai irin na maciji, na ɗaura zare, na nutsar da shi a bahon ruwan da yake tsoma taya in yana neman inda ta huje. Yana zura hannu na ja. Wayyo cikina! Tsoho ya yi tsalle, baho ya kife, ya saki salati tun daga la'ilaha har rasulullahi, da muryar da ko ladanin unguwarmu bai kai ba. Kirista fa, mai tafiya ƙauyensu can bayan Gwaram duk Asabar don kada coci ta wuce shi.

Na ce, "Fasto, ashe kana da shi a ajiye?"

Ya ce, "Liman marar jam'i, in na kama ka sai na yi maka faci a baki."

Ya yi ta dariya har da hawaye. Kamaluddeen abokina ya ɗauki komai da wayata. Na ɗan gyara bidiyon na tura guruf ɗin 'yan acaɓa.

Talata, 9 ga Yuli, hantsi

Abin ya zaga. Wani direba daga Kiyako ya nuna mini shi, bai san nawa ba ne.

Alhamis, 11 ga Yuli, la'asar

Mutane sai zuwa suke rumfar Baba suna miƙa masa hannu. Wani ya kawo masa carbi. Shi wayarsa mai tocila ce, bai ga komai ba. Ya kira ni ya ce, "Kai Haladu, me ya sa kowa yake mini barka? Haihuwa aka yi mini ban sani ba?" Na ce farin jini ne ya zo masa da tsufa. Ya rataye carbin a ƙusa kusa da famfo, ya ce in mai shi ya dawo in ba shi.

Gobe zan gaya masa. Zai zage ni, mu yi dariya, shi ke nan.

Asabar, 13 ga Yuli, azahar

Na kai fasinja Unguwar 'Ya, kafin in dawo ya tafi gida. Sai ranar Litinin in gaya masa.

Litinin, 15 ga Yuli, safe

Rumfa a rufe. Bai taɓa makara ba.

Litinin ɗin dai, bayan la'asar

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Jiya bayan an tashi daga coci dattawansu suka tsayar da shi, suka nuna masa a waya. Aka ce ya kalla sau biyu, ya miƙe zai yi magana, bakin ya karkace, ya zube. Yana babban asibiti nan cikin gari. Ɓarin dama ya shanye. Ba magana.

Ban gyara komai mai yawa ba. Macijin kawai na yanke, da dariyar ƙarshe, don ya fi daɗi. Na rubuta a ƙasa: Baba Ɗanladi ya musulunta. Na jera fuskokin dariya guda biyar a gaba, wallahi biyar, don kowa ya san wasa ne. Waɗanda suka tura gaba su suka zubar da fuskokin. Na asalin kuma na goge tun Laraba, wayar ta cika.

Wasa ne.

Talata, 16 ga Yuli, hantsi

Dama yana da hawan jini. Kowa ya sani. Kamaluddeen ya ce in rufe bakina, shi bai ɗauki komai ba.

Laraba, 17 ga Yuli, bayan azahar

Wata mata ta tsayar da ni a bakin tasha da kwanon abinci a hannu, ta ce asibiti. Muna tafe ta leƙo ta ce, "Kai ne Haladun Baba? Mai sa masa barkono a shayi?" Saura kaɗan in faɗa kwata da ita. Rifkatu ce, 'yarsa, ita take jinya. Wai duk Asabar sai ya ba su labarina a gida.

Ba ta san komai ba. Ta ce wani marar tsoron Allah ne ya watsa.

Na tambayi sauran 'yan'uwa. Ta ce su biyu ne, ita da yayanta Iliya, mai wa'azi. Ya zo ranar Lahadi, ya tsaya a bakin gado ya ce, "Baba, gaskiya ne?" Baba ya kalle shi kawai. Ya sake tambaya, shiru. Ya juya ya koma Gwaram, ya ce ba zai yi addu'a a kan wanda ya musanci Ubangijinsa da bakinsa ba sai ya ji tuba. Tuba daga bakin da ba ya buɗuwa!

Na ce, "Yaya Rifkatu, ni na zaci ku an gama muku maganar lahira tun tuni. Ashe ku ma kuna tsoron cikawa?"

Ta ce, "Ai ka taɓo rigimar gidanmu. Ni da Baba mun riƙe cewa ceto kyautar Allah ne, in ya ba ka ba ya dawowa ya karɓe. Yaya Iliya kuma tun da ya koma wata coci yake cewa kyauta ce, amma mutum yana iya yar da ita da hannunsa. Shekara shida suna wannan musu a kan tabarma, tuwo yana hucewa."

Ni duk zamana da Baba ban taɓa sanin suna da irin wannan ba. Mu kullum roƙonmu Allah ya sa mu cika da imani. Ban san akwai wanda zai ji kalmar nan a bakin ubansa ya ji duniya ta rushe masa ba.

Alhamis, 18 ga Yuli, la'asar

Kai! Kai!

Wani dattijo ya zo tasha yana neman wanda ya fara turawa. Na yi niyyar ta da babur, yara suka nuna ni. Alhaji Yahuza ne mai hatsi, ƙanen Baba Ɗanladi uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya musulunta tun ba a haife ni ba. Na sunkuyar da kai ina jiran mari. Sai ya rungume ni. Yana kuka, gemunsa yana jiƙa mini wuya.

Ya ce shekara talatin da ɗaya yana roƙa wa yayansa wannan. Ya ce ya roƙa a Arfa. Ya ce, "Dubi ikon Allah, yaro, kwana shida kafin a rufe masa baki aka buɗe masa shi. Kai ka zama shaida. Allah ya yi maka albarka, ya yi wa iyayenka."

'Yan tasha suka yi ta amin. Ni ma na ce amin. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Juma'a, 19 ga Yuli, bayan masallaci

Ban ji huɗuba ba ko kalma ɗaya.

Asabar, 20 ga Yuli, hantsi

Na je wurin Malam Hadi, wanda na yi allo a gabansa. Na ce wani abokina ne ya yi kaza da kaza. Ya bar ni na kai ƙarshe yana fiƙe alƙalami, sannan ya ce, "Wannan abokin naka, shi ne wanda ya taɓa ɗaure mini jelar rawani a ƙafar kujera?"



Ya ce, "Ba a shiga Musulunci da firgita. Kalmar tana son sani da yarda. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan in ya ga maciji salati zai yi, ko me yake bauta wa. Kai ka yi wa bawan Allah ƙarya, ka kuma yi wasa da kalmar da ba a wasa da ita. Tashi ka je ka faɗa."

Na ce, "Malam, Alhaji Yahuza fa? Ba ka ga yadda yake murna ba."

Ya ce, "Kai ka ba shi. Kai za ka je ka karɓe."

Na ce to.

Lahadi, 21 ga Yuli, safe

Gobe.

Litinin, 22 ga Yuli, bayan azahar

Na kai Rifkatu da safe, na ɗauko ta da rana. Sau biyu na buɗe baki, sau biyu na ce mata hanyar nan ta lalace.

Yau idonta a kumbure. Faston cocinsu ya zo dubiya. Ta tambaye shi, ya ce mata i, wanda Allah ya ceta ba ya ɓata. Har ta fara jin sanyi, sai ya ƙara da cewa amma in mutum ya tafi da gaske, alama ce dama can bai taɓa samu ba. Ta ce, "Haladu, ka ji fa. Yaya ya ce ya samu ya yar. Fasto ya ce watakila bai taɓa samu ba. Mutumin da ya koya mini addu'a tun ina ɗaure a baya."

Na ce, "Ke me kika gani?"

Ta ce, "Ni na san Babana. Ko ya faɗa ko bai faɗa ba, ba shi yake riƙe da Allah ba, Allah ne yake riƙe da shi."

Ta faɗa da ƙarfi.

Wasa ne fa na yi.

Laraba, 24 ga Yuli, la'asar

Iliya ya zo. Dogo ne kamar uban, har tafiyar. Bai shiga ba. A gindin darbejiyar bakin asibiti suka tsaya da ƙanwarsa, ni ina kan babur taku biyar daga nan ina goge madubin da ba shi da datti.

Ta ce, "Yaya, ka shiga ko gaisuwa ce. Idonsa yana kan ƙofa."

Ya ce, "Na ji da kunnena, Rifkatu. Ba labari aka ba ni ba. Muryarsa ce."

"Shekara arba'in yana bin Yesu. Numfashi ɗaya ya share?"

"In mutum ya yi noman fari, ya yi maimai, gero ya fid da kai, sai ya bar gonar ya tafi kafin girbi, me zai kai rumbu? Ƙarshe ake dubawa."

"Ranar da ka ɗaga masa murya ka kwashe kayanka ka bar gida, ka daina zama ɗansa? Ba shi ya biyo ka har tasha da ƙunshin gyaɗa ba?"

"Wannan daban."

"Da me ya bambanta? Shi uba ne na ƙasa ma bai sake ka ba."

Ya ce, "Kina so in yi ƙarya a gaban Allah don zuciyarki ta kwanta? In na shiga na ce masa lafiya lau, alhali ba lafiya ba, ni na ƙarasa shi. Kina tsammani ina barci? Ubana ne!"

 Na zaci mugu ne. Ba mugu ba ne. Tsoro ne yake cin sa.

Ya juyo ya ce mini, "Malam, tasha." Ni na kai shi. Ni. Minti bakwai yana bayana. Na ƙirga ramukan hanya.

Alhamis, 25 ga Yuli, hantsi

Rifkatu ta matsa sai na shiga, wai Baba zai ji daɗi.

Ya rame. Alhaji Yahuza yana gefe ɗaya da carbi yana tofa masa addu'a, ita tana ɗaya gefen da nata littafin, ba mai kallon wani. Na tsuguna na ce, "Fasto, sannu." Ban san yadda aka yi ya fito ba.

Ya kalle ni. Ya ɗaga hannun hagu, mai lafiyar, ya kwantar da shi a kan bargo, ya fara tafiyar da shi a karkace, hagu, dama, hagu, dama. Ya tsaya. Ya kalli Rifkatu. Ya kalle ni. Ya sake.

Ta ce, "Ruwa kake so, Baba?" Alhaji ya ce tasbihi yake.

Bakin a karkace yake, ban iya gane ko dariya yake mini ko roƙo ba. Na ce fitsari nake ji, na fita. 

Gobe bayan Juma'a. Na rantse da wanda raina yake hannunsa. Zan tara su duka uku, har Iliya.

Juma'a, 26 ga Yuli, safe

Ya rasu da asuba.

Juma'ar dai, bayan la'asar

Bari in rubuta yadda aka yi.

Ƙarfe tara na isa. Mutane sun cika bakin ɗakin ajiye gawa. Alhaji Yahuza ya zo da makara a bayan a-kori-kura, da likkafani a ninke a hannunsa, da mutanen masallacinsu, wai a yi masa wanka a sallace shi bayan Juma'a. Mutanen ƙauye su ma sun iso. Rifkatu ta zauna daɓas a bakin ƙofa ta ce sai dai a bi ta kanta.

Alhaji yana lallashi. "'Yata, ba ƙwace na zo yi ba. Abin da ya faɗa da bakinsa nake bi."

Ta ce, "Baffa, ina ganin girmanka. Kada ka taɓa shi." Ta juya. "Yaya, yi magana mana!"

Iliya yana jingine da bango. Ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, "Ku ɗauka, Baffa. Naku ne."

Ihun da ta yi, ban taɓa jin irinsa ba. Wasu samari daga ɓangarorin biyu suka fara matsowa, murya ta fara tashi.

Ban san lokacin da na shiga tsakiya ba. Na ce, "Maciji ne." Ba wanda ya ji. Na ɗaga murya yadda muke kiran fasinja. Na faɗi komai, tiyub, zare, baho, abin da na yanke, abin da na rubuta. Na ce a kira Kamaluddeen. Ashe yana bayan taron, ya ce haka ne, shi ya riƙe wayar. Allah ya saka masa, na zaci zai gudu.



Alhaji Yahuza ya ce, "Maciji?"

Na ce, "Na roba, Alhaji."

Ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa. Ya daɗe yana kallon likkafanin. Ya ce, "Tun muna yara haka yake. Ko kunama ya gani." Wani saurayi ya shaƙo wuyan rigata, Alhaji ya ce a sake ni. Bai kalle ni ba. Har aka watse bai kalle ni ba. Ya sa aka mayar da makara, amma ya ce motar ta tsaya ta kai yayansa gida.

Rifkatu ta ce, "Kullum ina bayanka. Kullum." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Iliya ya tako har gabana. Na rufe ido. Ya ce, "Yaushe ka ji yana kwance?"

Na ce, "Tun Litinin, washegarin faɗuwarsa."

Ya ce, "Hannun nan da Rifkatu ta ce yana yi da shi haka?"

Na ce, "Macijin yake nuna muku."

Ya ɗaga yatsunsa yana lissafi. Ya ce, "Kwana goma sha biyu." Na zaci nawa yake ƙirgawa. Sai ya ce, "Yana kallon ƙofa."

Asabar, 27 ga Yuli, la'asar sakaliya

Na bi su a baya har ƙauyen. Ba wanda ya gayyace ni, ba wanda ya kore ni. Hanya duk caɓi, gero ya kai ƙugu. Na tsaya nesa a gindin wata ɗorawa. Alhaji Yahuza ma yana tsaye can gefe shi kaɗai, hannu a baya.

Sun yi waƙoƙinsu. Aka ce Iliya ya yi addu'a a matsayin babban ɗa, ya buɗe baki, ya kasa. Faston ne ya yi.

Ni ma na so in ce wani abu. Abin da muka saba faɗa wa mamaci ya zo bakina, na rasa ko ina da izinin faɗarsa a nan. Sai na ce a hankali, Baba, ni ne, Liman marar jam'i, na faɗa musu. Na makara.

Da mutane suka ragu, su biyun suka zo wucewa ta kusa da ni, ba su lura ba ko ba su damu ba. Iliya ya zauna a kan kunya a bakin gona.

Ya ce, "Shi bai juya baya ba. Ni na juya. Aka ce in girmama uba, na bar shi a hannun ƙarya, na ba da gawarsa. To ni fa, Rifkatu? Ina nake yanzu?"

Ta ce, "Amsata ba ta canja ba, Yaya. Yadda na faɗa a kansa haka zan faɗa a kanka. Ba a sake ka ba."

Ya girgiza kai. "Ai matsalar ke nan. Ni ma tawa ba ta canja ba. Na so ta canja tun jiya, ta ƙi."

Ta tsaya tana kallonsa. Ta share fuska da bakin zani. Ta ce, "To a taka amsar ma, ƙarshe ake dubawa, ko ba haka ka ce ba? Kai naka bai zo ba. Tashi. Baffa yana can tsaye shi kaɗai, tun jiya ba wanda ya yi masa ta'aziyyar yayansa."

Ya daɗe a zaune. Har na ɗauka ba zai motsa ba.

Sannan ya dafa ƙasa ya miƙe, ya nufi wurin Alhaji.